Kujerar da Ba a Samar wa Yaya Hauwa Ba

A wannan wata na Shawwal yayata Hauwa ta cika shekara uku da rasuwa, kuma a Jidda aka binne ta. Wanda bai san mu ba zai karanta haka ya ce Allah ya jiƙanta ya wuce, ni kuma na gode masa. Amma duk matar da ta taɓa zama a unguwarmu ta Al-Sih a nan Madina, ko ta taɓa shan shayi a ɗakin Yaya, ta san nauyin da ke cikin wannan magana. Shekara uku ina haɗiye ta. Bana ta ƙi haɗiyuwa.

Kafin in ɗauki alƙalami sai da na je wajen malamin da ke yi mana karatu na tambaye shi ko abin da zan yi gulma ce. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mace ce mai tsoron ɗaukar alhakin mutum, har yarana kan ce idan na taka tururuwa sai na koma na duba ko ta tashi. Malam ya ce in faɗi abin da na gani da abin da na ji da kunnena, kada in shiga zuciyar kowa, kuma in sanar da wanda zan ambata. Na kira Mansur, ɗan Yaya namiji tilo, wanda ke aiki a Jidda, na gaya masa. Ya ce da Larabci in yi abin da na ga dama. To na ga dama.

Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa. Ya yi noma a Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya binne matarsa ta fari a hanya kafin ya ga teku. Da ya sauke farali, abokan tafiyarsa suka yi zamansu a Makka, shi kuwa ya ce bai iso ba tukuna. Ya ƙaraso Madina ya yi aiki a gonakin dabino na Ƙuba har ƙarfinsa ya ƙare. Ba daɗin aikin ne ya zaunar da shi ba. So yake idan ajali ya zo a sallace shi a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ɗauke shi a kafaɗa a shigar da shi Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin. Ya samu. Babanmu ya samu, innarmu ta samu. A gidanmu da wannan aka raine mu, kamar yadda ake rainon yaro da sanin gabas.

Yaya mai wankan gawa ce. Wajen innarmu ta koya tun tana amarya, kuma ba ta taɓa karɓar komai a kai ba. Idan mace ta rasu a cikin Hausawan unguwar nan, ko 'yar ƙasa ce irinmu, ko 'yar Sudan, ko 'yar Chadi, Yaya ake fara kira kafin a kira dangi na nesa. Ni nake zuba mata ruwa. Hannuna rawa yake yi, ina ƙirga wankin a zuciyata ina sake ƙirgawa don kada a yi kuskure, ita kuwa hankalinta kwance kamar mai yi wa jariri wanka. Idan ta gama ɗaure likkafani takan dafa kafaɗar mamaciyar ta ce a hankali, “Kin riga mu samun wuri. Ki ɗan matsa mana, muna nan tafe.” Na sha yi mata faɗa cewa ba a wasa a wurin nan. Ta ce ba wasa take ba.

Da ta haura sittin sai ta ɗora wa kanta doka: ba za ta ƙara kwana a wajen Madina ba. Bikin dangi a Makka, suna a Jidda, ta aika da gudummawa ta zauna. Umra ma ta haƙura da ita, domin a mota ba a zuwa a dawo ba tare da an kwana ba, balle ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Matan unguwa suna tsokanarta, wai mai ɗaukar rai ba ya fita aiki da rana ne? Takan ce da rana idonta biyu, za ta roƙe shi ya bari ta kai gida. Ta san ajali ba ya jiran kowa, ta fi mu sani, ita da ke ganinsa kowane mako. Abin da take cewa shi ne, ita dai za ta yi nata, Allah ya yi nasa.

Ana haka aka buɗe hanyar jirgin ƙasan nan mai lantarki da ke gudu tsakanin Madina da Makka, ya bi ta Jidda. Yaran yanzu giɗar suke ce masa. Ni tsoronsa na ji tun daga labari. Abin da ba shi da hayaƙi, ba a jin ƙarar injinsa, wayoyin wuta ne a samansa yana lasarsu yana gudu, ni ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya shiga cikinsa ba. Yaya kuwa da aka gaya mata ana iya yin asuba a Madina, a yi umra, a dawo a yi isha'i a Madina, sai ta tashi zaune ta ce a maimaita mata.

Tare muka fara hawansa. Da ya shigo tasha, fari fat, dogo, da baki mai faɗi a gaba, ta riƙe hannuna ta ce, “Binta, wannan ai agwagwa ce.” Daga ranar sunansa ke nan a gidanmu. A ciki kowa da lambar kujerarsa, ba turereniya, ba a ɗora maka kayan wani a cinya. Ta sayi shayi ta ajiye a ɗan teburin gabanta don kawai ta ga ko zai zube, bai zube ba. Baƙaƙen duwatsun bayan gari suna wucewa ta taga kamar ana jan zane. Ni kuwa hankalina yana kan miƙati, wurin da mutanen Madina ke ɗaura niyyar umra. A mota ana tsayawa a can, a sauka, a yi nafila, a yi niyya a natse. Jirgin ba ya tsayawa, sanarwa kawai ake yi ba a daɗe da tashi ba. Na yi ta tambayar ma'aikaciyar ko mun wuce, har sau nawa ban sani ba, ina tsoron kada wannan gudu ya wuce da ni kafin in rufe baki. Yaya ta ce in yi niyyata in bar yarinyar mutane ta huta, Allah ya san da jirgi kafin a ƙera shi.

Ranar mun yi umra mun dawo, ta kwana a kan katifarta. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na wannan lokaci ba. Ta koma zuwa Makka a kai a kai, ta ja tsofaffin ƙawayenta da suka yi shekaru ba su ga Ka'aba ba. Takan ce Agwagwa ta maido mata da Makka ba ta ƙwace mata Madina ba. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka jirgin nake zargi, ko masu tuƙa shi, ko masu share shi. Ba su yi mana komai ba sai alheri.

Abu ɗaya ne ban lura da shi ba a lokacin, ita ma ba ta lura ba. A da, idan Yaya na son tafiya, tashar mota take zuwa da ƙafarta. Direba na tsaye yana kiran gari, ta yi ciniki da bakinta, ta shiga. Ba ta neman izinin kowa. Tikitin jirgi kuwa a waya ake yankarsa, da lambar katin mutum, da rubutu ƙanana da idonta ba ya gani. Kullum Mansur ne ke yanka mata daga Jidda, ya turo hoton, ta nuna a ƙofar shiga. Muna sa masa albarka a kan haka, muna cewa ɗan kirki. Ba mu gane cewa zuwanta da dawowarta sun koma cikin aljihunsa ba.

A watan Sha'aban na shekarar da ta rasu zuciyarta ta fara ba ta wahala. Numfashi ya riƙa yanke mata idan ta hau bene. Mansur ya ce akwai likitan zuciya da ya sani a Jidda, ta zo ya duba ta. Ta ce a'a, akwai likitoci a Madina. Ya yi ta kira, safe da yamma, kuma maganarsa ɗaya ce: sa'atain bas, wato awa biyu ne kawai. Ki zo da safe ki koma da yamma, kamar yadda kike yi a Makka. Ta tambaye shi a gabana ko ya yanki na dawowa. Ya ce idan likita ya gama zai yanka, kada a yanka a yi asara. Ni raina bai kwanta ba, na ce mata ta sa ya yanka tukuna. Ta ce ni dai ba na rabuwa da zargi, ɗanta ne fa. Ta tafi da 'yar jakar hannu da carbinta. Ko kayan canji ba ta ɗauka ba, don ta ce idan ta ɗauka ta yarda da kwana ke nan.

Likita ya ce a dawo gobe a yi hoto. Ta kwana. Aka ce a jira sakamako. Ta yi mako. Sakamako ya fito, aka ba ta magani, kuma daga bakinta na ji cewa likitan ya ce tana iya ci gaba da shansa a gida, a riƙa duba ta a Madina. Sai azumi ya kama. Daga nan maganar ta koma babu kujera.

A nan dole in yi adalci, don ina tsoron tsayuwar gobe. Na bincika, kuma gaskiya ne a watan azumi jirgin yana cika, mutane daga ko'ina suna zuwa umra da ziyara. Gaskiya ne kuma Mansur yana son uwarsa. Matarsa ta yi mata hidima, ta ba ta ɗaki mafi kyau a gidan, ta dafa mata abin da likita ya ce. Mai yiwuwa tsoro yake ji kada ciwon ya tashi ba ya kusa. An kuma gaya mini akwai tagar sayar da tikiti a tasha, ban musa ba, amma tsohuwa mai ciwon zuciya da ba ta san titi ɗaya a Jidda ba, wa zai kai ta tagar? Duk wannan na auna shi. Sai dai a cikin azumin nan 'yar maƙwabciyata da ke karatu a Jidda ta zo gida a jirgin ta koma, ta sake zuwa ta koma. Ita a ina take samun kujera?

Kullum bayan la'asar Yaya ke kirana. Ba ta kuka, ba halinta ba ne. Ta ce gidan yana da kyau, ana ganin teku daga sama, amma ita ba ta san abin da za ta yi da teku ba. Ta ce bayan kowace salla takan kasa kunne ko za ta ji an kira sallar gawa kamar yadda ake yi a Haram ɗinmu, masallacin Manzon Allah, sai ta ji shiru, sai ta tuna inda take. Wata rana ta ce da ni, “Ki ce wa yaron nan ya danna mini abin nan mana. Ni idan na faɗa sai ya sumbaci kaina ya ce inshallah ya Ummi. Na gaji da sumba.”

Na kira shi. Na kira shi har ya daina ɗauka sai ya ga dama. Ni a lokacin ba ni da halin motsawa, maigidana yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai nawa. Sai na roƙi Abakar, maƙwabcinmu mutumin Chadi da ke jigilar mutane a motarsa, tun da yana da tafiya Jidda, ya biya ya ɗauko mini ita. Ya je har ƙofar gidan. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofata ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce Yaya ta fito falo da abayarta a jiki da jakarta a hannu, ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi yaransa. Mansur ya ba shi shayi, ya yi masa godiya, ya ce Ummi ba za ta iya zaman mota na tsawon nan ba, jirgi ya fi mata sauƙi, da zarar an samu kujera shi da kansa zai kawo ta. “Hajiya,” in ji Abakar, “ɗa ne da uwarsa. Ni baƙo ne, me zan ce?” Ya ce da zai fita ya waiga, ya ga ta zauna a kujera ba ta cire abayar ba.

Da babu jirgin, da ta shiga motar nan. Wannan tunani ne ke hana ni sukuni. Da hanya tana da wuya kamar da, da kowa ya ɗauki tafiyar da muhimmanci, da an ce ga mota ta samu, a yi maza. Amma tun da awa biyu ne kawai, kullum ana iya yi gobe. Kusancin ne ya sa aka raina abin. Kakanmu ya yi shekaru a hanya ya iso, jikarsa tana nan kusa da ƙofa ta kasa shigowa.

Aka yi salla ƙarama ba ta dawo ba. Mansur ya ce a bari cunkoson salla ya wuce. Bai gama wucewa ba, wata safiya bayan ta idar da asuba, Allah ya karɓi abinsa. Sai da hantsi ya kira ni, kuma kafin ya kira an riga an kai ta wurin wanka. Matar da ta wanke matan unguwa guda da hannunta, waɗanda ba su san ko sunanta ba ne suka wanke ta. Ina fata sun yi mata a hankali. Ina fata sun san gwiwarta ta hagu ba ta miƙewa sai an bi ta da lallashi.

Na haɗiye kukana na ce masa ya sa ta a motar asibiti ya kawo ta, ana yi, mun ga an yi wa wasu, 'ya'yana za su tsaya a kan takardu ta nan. Ya ce takardu za su ɗau lokaci, sunna ce a gaggauta, kuma ƙasa duk ta Allah ce. Sannan ya faɗi maganar da har in mutu ba za ta fita daga kunnena ba. Ya kira ni da Hala, wato 'yar'uwar uwa da Larabci, ya ce, “Ya Hala, ki gaya wa maza su hau jirgin azahar, za su samu salla. Na riga na yanka musu.”

Ranar an samu kujeru. Ba ɗaya ba, har da na 'ya'yana biyu da mazan dangi. Cikin ɗan lokaci ya danna abin da uwarsa ta yi wata biyu tana roƙonsa ya danna. Suka hau, suka sallace ta bayan la'asar, suka dawo suka kwana a Madina.

Da ya zo nan karɓar gaisuwa na yi niyyar yin shiru saboda mutane. Shi ne ya same ni a ɗaki ya zauna a ƙasa, idonsa ja, ya ce ya san ina fushi. Ya ce amma in duba, kabari a ƙasar nan ba a rubuta suna a kai, ko a Baƙi'a aka sa ta bayan ɗan lokaci ba wanda zai iya nuna wurin, kuma mu mata ba ma shiga, daga bayan katanga muke tsayawa. To mene ne bambancin? Na ce masa bambancin shi ne ta roƙa. Ba don in riƙa kai mata ziyara take son Baƙi'a ba, ba kuma don a san wurin ba. Abin da ta tsara rayuwarta a kai ke nan, ta bar bukukuwa, ta bar umra ta shekaru, kuma shi ya sani tun yana goye. Ya ce ƙaddara ce. Na ce na yi imani da ƙaddara, kuma ba mai mutuwa sai a inda aka rubuta masa, amma ƙaddara ba ta hana a tambayi mutum abin da hannunsa ya yi ko ya ƙi yi. Har yau bai ce ya yi kuskure ba. Kalmar da nake jira ke nan, guda ɗaya.

Na sha tambayar malam ko fushin nan nawa jayayya ce da hukuncin Allah, domin abin yana tsorata ni. Ya ce wurin kwanciya ba ya tsarkake mutum, aikinsa ne ke tsarkake shi, kuma Allah yana ba bawa ladan abin da ya yi niyya ko bai samu ba. Wannan ya sanyaya mini rai game da ita. Ba ni da shakka a kan Yaya. Game da shi ne ran bai sanyaya ba. Bara maigidana ya rasu, aka sallace shi a Haram, na tsaya a bayan katanga ina kallon maza suna shiga da shi. Shi da bai taɓa ɗora wa kansa wata doka ba, ya je ko'ina ya kwana ko'ina, ya samu. Na yi masa murna, na kuma yi istigfari a kan abin da ya ɗarsu a zuciyata a lokacin.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. Jirgin ya zama kamar motar unguwa. Akwai samarinmu da ke kwana a Madina suna aiki a Jidda. Amare ana kai su a cikinsa, jikoki suna zuwa wuni su koma. Na tabbata da za ta so haka, da har yanzu tana sayen shayinta tana kallon taga. Amma da za ta ga wani abu da ni ma nake gani. 'Ya'ya sun watse garuruwa da hujjar cewa ba nisa, kuma da wannan hujja suke kwashe iyayensu daga ɗakunan da suka tsufa a ciki. Ana ce wa tsohuwa ki zo ki huta kwana biyu, duk lokacin da kika so za a maido ki. Ba a gaya mata cewa lokacin da ta so ba a hannunta yake ba. Na san tsofaffi a unguwar nan da ƙofofinsu ke kulle, tsirransu sun bushe a taga, suna can suna jiran a danna musu waya. Da Yaya na nan da ta bi gidajen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, tana dariya tana faɗa musu maganar da za ta hana su barci. Ni ban iya haɗa dariya da faɗa ba. Faɗan kawai na iya.

Abin da ya sa maganar ta taso mini bana shi ne, Mansur zai aurar da 'yarsa ta fari a ƙarshen watan nan. Sunan Yaya gare ta, Walida muke ce mata. Ta gama jami'a, yarinya mai hankali, ita ce ta riƙa shafa wa kakarta mai a ƙafa a watannin nan biyu. Ita da kanta ta kira ni, da Hausarta da ke karyewa, ta ce ba ta da kaka sai ni, idan ban zo ba wa zai zauna a wurin kakarta? Bayan ta ajiye uban ya turo saƙo cewa zai yanka mini tikiti.

Na yi kwanaki ina juya abin. Tun da Yaya ta rasu ban taka jirgin ba, ban fita Madina ba. Idan na ƙi zuwa na yanke zumunci, na hukunta yarinyar da ba ta yi mini komai ba, kuma wannan zunubi ne da na san girmansa. Idan na je, shekaruna sun kai nata na lokacin, ni ma ina shan maganin hawan jini, kuma gidan da zan shiga shi ne gidan da ta zauna da abaya a jiki tana jira. Duk ta inda na juya tsoro ne.

Shekaranjiya na sa Abakar ya kai ni tasha. Na sami tagar da ake faɗa, na miƙa katina da hannuna, na ce zuwa Jidda da dawowa, rana ɗaya. Na sa yarinyar da ke wurin ta buga mini a takarda, ta karanta mini lokacin dawowar, ta sake karantawa, ta ja layi a ƙarƙashinsa da biro. Da na koma gida na kira Mansur na ce zan zo saboda Walida, zan zauna a wurin kakarta, amma kada ya yanka mini komai, komawata tana cikin jakata. Ya ce, “Ya Hala, har yanzu?” Na ce har yanzu.

Da yamma na tara 'ya'yana biyu na zaunar da su. Na ce idan Allah ya ɗauki raina a can, ko a hanya, su nemo mota su kawo ni, ko takardu za su kai gobe. Na sa kowannensu ya amsa da bakinsa, da Hausa, ba da inshallah ta kawar da magana ba. Ƙaramin ya ce ai ba sai na faɗa ba, duk iyayen abokansu haka suke cewa yanzu. Na ce me suke cewa? Sai da na matsa ya ce, suna cewa kada a yi mini irin ta Hauwa.

Ashe abin da ake faɗa ke nan a gidajen unguwar nan, ni kaɗai ce ba a faɗa a gabana. Shekara arba'in tana durƙuso a kan matan mutane, tana rufa musu asiri a ranar da ba sa iya rufa wa kansu. Matan da ke wanka a unguwar nan yau duk a hannunta suka koya, har da ni da hannuna ya daina rawa. Ina zaton da wannan za a riƙa tuna ta. Sai ga shi sunanta ya zama abin da tsofaffi ke tsoratar da 'ya'yansu da shi. Wataƙila ita da ta ji da ta ce ba komai, idan sunanta zai sa a maido da tsohuwa ɗaya ɗakinta ya biya. Zuciyarta ta kai nan. Tawa ba ta kai ba.

Allah ya jiƙan Yaya Hauwa, ya yalwata mata inda take, ya tashe ta tare da mutanen garin da ta so. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya ba ni ikon yafe wa ɗanta kafin in same ta, domin idan ta tambaye ni yadda na bar shi, ba na son in ce mata ban yi masa magana mai daɗi ba tun ranar da ta tafi.